Kombucar gida da ta kanti: wacce ta fi, kuma nawa ne barasar ciki?

Maman_Walida:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga masu haɗa kombuca a gida ce, wato shayin nan mai sukari da ake tsimawa har ya yi tsami. Ana ta cewa ta gida ta fi ta kanti nesa ba kusa ba, wai ta kanti lemon kwalba ne aka sauya wa suna. To amma ta kanti ɗanɗanonta ɗaya ne kullum, ga gas, ga shi an rubuta a jikinta cewa barasar ciki ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ta gida kuwa yau zaƙi, gobe tsami kamar khal, wato binega. Da gaske ta gidan ta fi? Kuma wane awo ne daidai a irin zafin nan namu? Masu sani a yi mana dalla-dalla don Allah.

Hajiyar_Kicin:
Wa alaikumus salam Maman Walida. Mu fara da awo, don rabin laifin da ake ɗora wa ta gida daga nan yake. A kowace lita ɗaya ta ruwa ana sa baƙin ganyen shayi giram 6, wato ƙulli uku na mai zare, da farin sukari giram 70, wato babban cokali shida a shafe, sai tsohuwar kombuca mai tsami mililita 150 zuwa 200. Wannan ta ƙarshen ita ce iri, kamar yadda ake zuba tsohon kindirmo a sabuwar madara.

Ba sai kin tafasa ruwan duka ba. Ki tafasa kofi ɗaya ki sauke, ki jefa ganyen ya yi minti 10, ki tsame, ki narkar da sukarin tun ruwan na da zafi, sannan ki cika da sauran ruwan mai sanyi. Kada irin ya shiga sai ruwan ya sauko ƙasa da digiri 30, zafi kashe shi yake yi. Ki juye a kwalbar gilashi mai faɗin baki, ki bar sarari kamar yatsu uku a sama, ki rufe da ƙyalle mai matsattsiyar saƙa, ki ɗaure da robar ɗaure kuɗi. Ki ajiye inda rana ba ta dukansa, kuma kada a riƙa jijjiga shi. Daga rana ta biyar sai ki fara ɗanɗanawa kullum.

Ban da madara, ban da citta, ban da kanumfari a wannan matakin. Shayi ne tsurarsa da sukari.

Malam_Kimiyya:
Awon Hajiya daidai ne. Bari in ƙara da abin da ke faruwa a cikin kwalbar, don wanda ya fahimce shi zai iya amsa wa kansa sauran tambayar. Halittu iri biyu ne ke aikin. Yis yana raba sukari gida biyu, gulukos da furuktos, ya ci, ya fitar da barasa da iskar gas. Bakteriya masu yin khal kuma sai su kama barasar nan su mayar da ita tsamin asetik, su kuma mayar da wani ɓangare na gulukos tsamin gulukonik, wanda ba shi da kaifi a harshe. Sai dai bakteriyar ba sa iya wannan aiki in babu iska. Dalilin rufewa da ƙyalle ke nan maimakon murfi, kuma dalilin son kwalba mai faɗin baki ke nan. Yis kuwa ko babu iska aikinsa yake yi. A riƙe wannan bambancin, za mu dawo kansa.

Ɗan_Fagge:
Hajiya ba ki ambaci sikobi ba, faifan nan mai santsi da ke yawo a sama. Ai shi ne uwar, in babu shi babu kombuca.

Malam_Kimiyya:
Ɗan Fagge, an daɗe ana faɗin haka amma ba haka ba ne. Faifan nan selulos ne, wato irin sinadarin zaren auduga, da bakteriyar Komagataeibacter ke saƙawa a saman ruwa. Akwai ƙwayoyi a jikinsa, amma ruwan irin ma cike yake da su, kuma shi ne ke ɗauke da tsamin da ke kare sabon haɗi daga fumfuna. In ka sa faifai babu ruwan iri, ka bar shayi mai zaƙi a buɗe ba tsaro. In ka sa ruwan iri babu faifai, sabo zai fito da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Kuma ko faifan ya nutse ƙasa ko ya kwanta a karkace, ba alamar lalacewa ba ce.

Ɗan_Fagge:
Na karɓi gyara Malam. Amma dai wanda ya sa duka biyun ya fi saurin samun tsami, musamman a haɗin farko.

Malam_Kimiyya:
Wannan kam haka ne.

Yar_Damagaram:
Maganar zafi da Maman Walida ta yi ita ce babbar matsalarmu. Kombuca ta fi son digiri 24 zuwa 29. Kwana 7 zuwa 14 da ake rubutawa a intanet lissafin ƙasashen sanyi ne. A watan Afrilu da Mayu ɗaki a Kano ko Sakkwato ko Damagaram yana wuce digiri 35, a nan kuwa yis ke tsere wa bakteriya. Alamarsa ita ce ruwan ya yi duhu-duhu, laka mai yawa ta taru a ƙasa, faifan ya fito siriri da ramuka saboda gas na ture shi, sannan a ji wari mai kaifi kamar na man goge farce. Kwana huɗu ko biyar ta riga ta wuce.

Maganinsa a sauke kwalbar ƙasa kusa da randa, a tsayar da ita cikin kwano mai ruwa, a naɗe jikinta da jiƙaƙƙen tawul wanda bakinsa ke taɓa ruwan. Ruwan da ke ƙafewa shi ke sanyaya ta, dabarar randa ce dai. Ruwan kwanon kuma yana hana kiyashi hawa. Sannan a riƙa ɗibar iri daga saman kwalba, ba daga ƙasa inda yis ke kwance ba. Da damina wannan dabarar ba ta da ƙarfi saboda iska na da laima, amma lokacin zafin ma ya sauka.

Mai_Shayi_Jos:
Mu nan akasin haka ne. Da hunturu in ɗaki ya sauka ƙasa da digiri 20 aikin sai ya yi nawa, ya kai mako biyu zuwa uku, kuma a nan ne fumfuna ke samun dama don tsamin bai taru da wuri ba. Sai a ƙara iri ya kai kashi ɗaya bisa huɗu na haɗin, a naɗe jikin kwalbar da bargo a bar bakin a sarari.

Baban_Sadiq:
A ganina da zafi rage sukari ya fi sauƙi. Giram 40 a lita, yis ba zai sami abin haukacewa a kai ba.

Hajiyar_Kicin:
Baban Sadiq, giram 50 shi ne ƙarshen ragi. Ƙasa da haka abin da za ka samu ruwa ne salam, ba zaƙi ba tsamin kirki, kuma bayan haɗi biyu ko uku irin zai raunana. Sukarin ba naka ba ne kai kaɗai, abincinsu ne. Kuma ba a maye gurbinsa da sinadaran zaƙi na masu ciwon sukari, ba sa iya cinsu. Zuma ma ta wani iri ce daban mai suna jun, wanda ake yi da koren shayi.

Anti_Zobo:
Ba wanda ya yi maganar mazubi. Tsamin kombuca yana cin ƙarfe. Tukunyar dalma da kwanon alminiyam da langa mai fentin da ya ɓantare duk ba a tsima ta a ciki. A tafasa shayin a tukunya ba komai, tunda lokacin bai yi tsami ba, amma zaman kwanakin a gilashi ne, ko baƙin ƙarfe mara tsatsa mai lamba 304, ko roba ta abinci mai lamba 2 a gindinta. Tulun ƙasa yana tsotse ruwan a jikinsa kuma ba ya wankuwa. Tangaran mai fenti kuwa ya fi duka hatsari. A 1998 likitoci a Ostireliya sun ba da rahoton wasu ma'aurata da suka kamu da gubar dalma saboda shan kombucar da aka riƙa tsimawa a tukunyar tangaran, tsamin ya narko dalmar da ke cikin fentin.

Ruwa ma a kula. Na famfo mai warin kulorin a tafasa shi duka ko a bar shi ya kwana a buɗe. Na rijiya mai ɗanɗanon kanwa yana kashe tsamin irin tun daga farko, gara ruwan leda mai kyau.

Maman_Walida:
Allah ya saka da alheri. To yaya ake bambance fumfuna da abin da ba ita ba? Don kamannin abin gaba ɗaya ba mai daɗin kallo ba ne.

Yar_Damagaram:
Fumfuna a sama kawai take fitowa, inda iska take, a bushe, da gashi-gashi kamar wadda ke kama burodi, zagaye-zagaye kore ko shuɗi ko baƙi ko fari. Zare-zaren nan masu ruwan ƙasa da ke reto a ƙarƙashin faifai yis ne, lafiya lau. Farar yana mai santsi da ke fara shimfiɗuwa a rana ta uku sabon faifai ne. In aka ga fumfuna ta gaske ba a yanke wurin a ci gaba, ana zubar da ruwan da faifan duka, a wanke kwalbar da tafasasshen ruwa, a nemo sabon iri.

Abu na biyu ƙananan ƙudajen nan masu bin ayaba. Ƙamshin khal ke jawo su, kuma suna ratsa ƙyallen tatar koko in saƙarsa ta yi sako-sako. In suka yi ƙwai sai a ga tsutsa a kan faifai. Tsohuwar riga ta auduga mai tsabta ta fi.

Malam_Kimiyya:
Wanda zai iya, ya sayi takardar gwajin pH, wato ma'aunin tsami da lambarsa ke raguwa in tsami ya ƙaru, a shagon kayan kimiyya. Da an gama haɗawa ya kamata ta nuna 4.5 ko ƙasa. In bayan kwana bakwai ba ta sauko ƙasa da 4.2 ba, irin ya mutu, a zubar. Wadda ta nuna tana tsakanin 2.5 da 3.5. Ƙasa da 2.5 ta zama khal, ta yi amfani a kwaɗo ko a matsayin iri amma ba ta sha ba ce.

Bakano_a_Ohio:
Bari in dawo da mu kan asalin tambayar. Kombucar kanti ba abu ɗaya ba ce, shi ya sa gardamar ba ta ƙarewa. Akwai ɗanya, wadda aka tsima kamar ta gida aka ɗura a kwalba da ƙwayoyinta da rai, ita ce ake samu a firji kawai kuma za ki ga laka a gindinta. Akwai wadda aka dafa sama-sama bayan ta nuna, ko aka tace ta da mataci mai hana ƙwayoyi wucewa, don kada ta ci gaba da tsima a hanya. Akwai kuma wadda kamfani ke barin shayin ya yi tsami sosai har sukarin ya kusa ƙarewa, sannan a sirka shi da ruwa, a sa masa zaƙin sitibiya, wani ganye mai zaƙi da ke maye gurbin sukari, a hura masa gas da inji. Da yawansu kuma suna ƙara wata bakteriya mai suna Bacillus coagulans daga baya, saboda tana jure zafi da tsami, kuma yawanci ita ce adadin biliyoyin ƙwayoyin da ake bugawa a jikin kwalba.

Abin da ya kawo wannan rarrabuwa sananne ne. A dokar Amurka duk abin sha da barasarsa ta kai kashi 0.5 cikin ɗari ya shiga sahun giya. A 2010 aka gano cewa kwalabe da dama sun haura wannan iyaka a kan kanta, har kantunan Whole Foods suka kwashe kombuca daga shagunansu. Daga nan kamfanoni suka sauya hanya. Kamfanin GT's, wanda ya fara tun 1995 a Kalifoniya, ya raba nasa gida biyu, ɗaya ƙasa da iyakar, ɗaya kuma sai mai shekara 21 zai saya. Wasu suka sayi injin cire barasa. Manyan kamfanonin lemo ma sun shigo, PepsiCo ya sayi kamfanin kombuca na KeVita a 2016.

Ɗan_Fagge:
Ka ga ke nan maganar mutane ta tabbata, lemon kwalba ne.

Bakano_a_Ohio:
Ba duka ba. Gwajin mai sauƙi ne. Ka zuba rabin kofi a gilashi, ka ƙara shayi mai sukari rabin kofi, ka rufe da ƙyalle ka ajiye. In cikin mako biyu zuwa huɗu faifai ya fito, tana da rai, kuma ka sami iri ke nan. Sai dai a zaɓi wadda ba a sa mata kayan ƙamshi ba. In ba abin da ya fito, an kashe ta ko an tace ta.

Malam_Kimiyya:
Yanzu ga inda na ce za mu dawo. Maman Walida ta haɗa gas da barasa a tambayarta, kuma a kombucar gida abu ɗaya ne. Masu son gas suna ɗura ta a kwalba bayan ta nuna, su ƙara sukari ko ruwan 'ya'yan itace, su toshe. Da an toshe babu iska, bakteriya sun tsaya, yis kaɗai ke aiki. Duk sukarin da ya ci, kusan rabin nauyinsa gas ne, rabi barasa, kuma babu mai mayar da barasar khal.

Ga lissafin. Sukari giram 17 a lita yana ba da barasa kashi ɗaya cikin ɗari. Gas mai ɗan ƙarfi yana buƙatar yis ya ci kamar giram 8 a lita, wanda shi kaɗai ya kusa kashi 0.5, ban da wadda ta rage daga tsimin farko. Ruwan abarba mililita 100 yana ɗauke da sukari kusan giram 10, ga kuma ragowar sukarin shayin da yis zai ci gaba da ci. Shi ya sa ta gida mai tashin kumfa take iya kai kashi ɗaya ko biyu. Kamfani kuwa da inji yake hura gas ɗinsa, don haka yana samun kumfa ba tare da ƙarin barasa ba. A wannan fannin ta kanti ta fi ta gida, kuma ya kamata masu yin ta gida su yarda da haka.

Baban_Sadiq:
Malam, ai akwai ma'aunin nan mai yawo a ruwa da ake gwada nauyin sukari kafin da bayan tsimi. Ba zai nuna barasar ba?

Malam_Kimiyya:
Ba zai nuna ba. Lissafinsa ya ginu a kan cewa duk sukarin da ya ɓace barasa ya zama. A kombuca wani ya zama tsami, kuma tsamin na da nasa nauyin, sai lambar ta fito a karkace. Sahihin awo sai ɗakin gwaje-gwaje. A gida abin da ke hannunka shi ne ka hana ta taruwa.

Ɗalibin_Fiƙihu:
Allah ya saka wa Malam Kimiyya, don wannan bayani shi ne abin da mai neman fatawa ya kamata ya kai gaban malami. Asalin ƙa'idar hadisin nan ne da ke cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Kuma ya tabbata cewa ana jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, dabino ko zabibi a ruwa, yana sha har zuwa kwana uku, ba ya wuce haka. Malaman wannan zamani sun duba abubuwan sha da barasa ke fitowa a cikinsu ba da nufin yin giya ba. Majalisar Malaman Indunusiya a fatawarta ta 2018 ta sa iyaka a ƙasa da kashi 0.5, kwamitin fatawa na Malesiya kuma a 2011 ya sa ƙasa da kashi ɗaya. Wanda ya ɗora lissafin Malam a kan waɗannan lambobi zai ga cewa wadda aka toshe kwana uku da ruwan abarba a cikin zafi ta shiga wurin shubuha. Ita kuwa wadda kamfanoni ke ƙara wa yis da gangan har ta kai kashi 5 ko 7 suna ce mata kombuca mai ƙarfi, wannan giya ce ba ja.

Mai_Shayi_Jos:
Allah gafarta Malam, ai khal ma ta wannan hanyar yake bi, sukari ya zama barasa, barasa ta zama tsami, kuma halal ne.

Ɗalibin_Fiƙihu:
Haka ne ɗan uwa, amma khal ya kai ƙarshen hanya. Kombuca a tsakiyar hanya ake tsayar da ita, shi ya sa ake tambayar nawa ne ya rage. Kowa ya kai wa malaminsa cikakken yadda yake haɗa tasa.

Hajiyar_Kicin:
To ga yadda ake rage ta a aikace. A yi amfani da mazubi mai faɗi wanda zurfin ruwan bai fi faɗin bakinsa ba, don iska ta wadaci bakteriya. A bar tsimin farko ya yi nisa har tsami ya rinjayi zaƙi. A tace da ƙyalle ninki biyu don rage yis, a bar lakar ƙasa. A sa a firji nan take, kada a yi tsimi na biyu, wato toshewar nan a kwalba, sam. In ana son gas, lokacin sha a zuba kombuca rabin kofi a cika da ruwan soda mai sanyi, in ta yi tsami a ɗiga sukari a kofin. An sami kumfar, an kuma raba abin da ya rage gida biyu. Wannan dai dabarar kamfani ce aka yi a kicin.

Nas_Ummi:
Ina so a sassauta maganar magani da ake jingina mata, ta gida ko ta kanti. Binciken da aka yi a kan mutane kaɗan ne ƙwarai. Wanda ake yawan ambata shi ne na Jami'ar Georgetown a 2023, inda masu ciwon sukari suka sha na mako huɗu sukarin jininsu na safe ya sauka, amma mutum 12 ne kacal. Ba a ajiye maganin asibiti a kan wannan. A ɗaya ɓangaren, a 1995 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton mata biyu a jihar Iowa da tsami ya yi yawa a jininsu, ɗaya ta rasu, kuma dukansu suna shan ta gida daga iri guda. Ba a tabbatar cewa ita ce sanadi ba, amma daga nan aka sami shawarar mililita 120 a rana ga mai lafiya. Da wannan ake farawa, rabin ƙaramin kofi.

Mai juna biyu, mai shayarwa, ƙananan yara, mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda ko hanta, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, su bar ɗanya. Haƙori kuma yana fara zaizayewa daga pH 5.5, ita kuwa tana wajen 3, don haka a kuskure baki da ruwa bayan sha, kada a goge haƙori nan take.

Anti_Zobo:
Tunda an zo kan ɗanɗano, nan ne ta gida ta yi wa ta kanti fintinkau. Bayan an cire faifai an ware iri, a jefa busasshen zoɓo giram 10 a lita, da yankan ɗanyar citta kamar girman babban yatsa, a sa a firji ya kwana, a tace. Zoɓo ba shi da sukarin kirki, don haka ba ya ƙara wa yis abinci, ga launi ja jawur. Tsamiya ma tana shiga amma kaɗan, tsami ne kan tsami. Gargaɗi ɗaya, kanwa ko bakin soda da wasu ke sa wa zoɓo don kashe tsami ba su da wuri a nan. Tsamin shi ne mai gadin abin, in aka kashe shi an buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa.

Yar_Damagaram:
Anti, wasu suna tsima ta da zoɓo zalla tun daga farko ba ganyen shayi, kuma tana yi.

Anti_Zobo:
Tana yi ƙanwata, amma da rarar iri ake yin wannan. Babbar kwalba a bar ta a kan baƙin shayi, don daga ganyen suke samun abin gina jikinsu. Haka shayi mai man ƙamshi irin Earl Grey, ba a ba uwar kwalba shi.

Baban_Sadiq:
Ga wanda duk da haka zai toshe don gas, ya kiyaye kwalba. Ba kowane gilashi ke ɗaukar matsi ba, na zuma da na man gyaɗa da masu kusurwa huɗu fashewa suke. Robar lemo mai gas da aka wanke ita ta fi aminci, don ana iya matsa ta a ji. A bar sararin yatsu biyu a wuya, sukari ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita, da ta yi tauri kamar sabuwar lemo a kai firji. Da zafi wannan awa 12 zuwa 24 ne, ba kwana uku ba. Kuma firji rage gudun yis yake yi, ba kashe shi ba. In aka ɗauke wuta kwana biyu, aikin ya ci gaba, gas da barasa duka suna ƙaruwa.

Bakano_a_Ohio:
Wannan maganar wutar ta shafi ta kanti ma. Ɗanya da aka rubuta mata ƙasa da 0.5 a masana'anta, lambar tana nan ne muddin ba ta rabu da sanyi ba. In ta yi zaman tashar jirgin ruwa da bayan mota da firjin shagon da ke mutuwa yana tashi, rubutun jikinta bai da sauran tabbas. Alamarta murfi ya kumbura ko ta yi ambaliya da an buɗe. Wadda aka dafa ko aka tace ce kawai lambarta ba ta motsi.

Mai_Shayi_Jos:
Ta fuskar kuɗi kuwa babu haɗi. Kilo ɗaya na sukari lita 14 yake yi, kwalin shayi mai ƙulli 25 lita 8. Kwalbar kanti ɗaya ba ta kai rabin lita ba. Amma mai niyyar sayarwa ya san ya shiga wani babi, sai da rajistar NAFDAC da awon ɗakin gwaji da sanyin da ba ya yankewa.

Maman_Walida:
Na gode ƙwarai. Hajiya, in mutum ba shi da tsayayyar wuta, akwai yadda zai tsayar da tsimin gaba ɗaya? Sannan in za a yi tafiya ta wata guda, yaya ake yi da irin?

Hajiyar_Kicin:
Akwai. Bayan kin ware iri, ki ɗora sauran a tukunyar baƙin ƙarfe mara tsatsa ya kai digiri 82, ya yi rabin minti a haka, ki ɗura da zafinsa a kwalbar gilashi da kika ɗauraye da ruwan zafi, ki rufe. Yis ya mutu, ba ƙarin gas ba ƙarin barasa, sai dai ƙwayoyin da ake shanta dominsu ma sun tafi. Kin yi irin ta kanti ke nan da hannunki.

Irin kuwa kada ki sa shi a firji, sanyi yana kwantar da bakteriyar, in kin dawo kin yi sabon haɗi sai ya yi nawa fumfuna ta riga shi. Ki cika kwalbar da sabon shayi mai sukari, ki rufe da ƙyalle, ki bar ta a inuwa. Mako huɗu zuwa shida ba abin da zai same ta sai tsami.

Yar_Damagaram:
Hajiya, mako shida da bazara ya yi yawa a wajenmu, ruwan ƙafewa yake har faifan ya bushe, musamman da ya yi kauri yana tsotsewa. A yanke faifan a bar kaurin yatsa ɗaya kafin tafiya, a rufe rabin bakin kwalbar da faranti a saman ƙyallen, kuma a bar wa na gida saƙo ya ƙara kofi ɗaya na shayi mai sukari da ya huce duk bayan mako biyu. In an dawo, mililita 100 na wannan ruwan ya isa lita guda, don ya ninka na kullum tsami.